Na jefa wa tazarce ƙuri'a, kuma na yi kuskure

Ranar 4 ga watan Agusta na 2009 na yi sammako zuwa runfar zaɓen unguwarmu a Maraɗi, na jefa ƙuri'ar amincewa da tazarce. Ba wanda ya ba ni ko dala. Da zuciya ɗaya na yi, don ina ganin Baba Tanja ya yi aiki: azuzuwa da ɗakunan shan magani na shirinsa na musamman sun shiga ƙauyuka, an aza tubalin madatsar Kandaji, an soma ginin matatar man Damagaram. Hujjarmu a fada kullum guda ce: a bar mutum ya ƙarasa abin da ya fara. In talakawa na son sa, wane ne alƙalin da zai hana?

Shekaru na yi kafin in gane cewa a cikin wannan tambaya ɓarnar take.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma haramta a taɓa wannan aya ko da sunan gyara. A kan kundin nan Tanja ya rantse da Alƙur'ani. Da kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba gardamar da yake so ya saɓa wa doka, washegari, 26 ga watan Mayu, sai ya rushe majalisar dokoki. Kotun ta sake soke kiran zaɓen a watan Yuni. Kafin watan ya ƙare ya ɗauki ikon musamman, ya rushe kotun kanta, wadda Fatimata Bazai ke shugabanta. Cikin mako biyar duk wani mai ikon ce masa a'a ya kau. Mu kuwa muna shan shayi muna cewa ai ƴan boko ne ke son hana ruwa gudu.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, kotun nan ba don Tanja kaɗai aka kafa ta ba. Ita ce ƙarshen wurin da ni, mai ƙaramin shago, zan kai kuka in an kafa dokar da ta take mini hakki. Ƴancin da muke taƙama da shi, na faɗin albarkacin baki, na yin addini, na kwana gida ba tare da an ɗauke ka babu takardar alƙali ba, duk ya rataya ne ga samun wani wanda shugaba ba ya iya kora don ya ce masa a'a. Kwanaki kaɗan bayan ƙuri'armu aka kama Maru Amadu, ɗan fafutukar farar hula, don ya ƙi yin shiru. Ban damu ba, tunda ba namu ba ne.

Kuma ga abin da ya fi wuyar haɗiya: iyakar wa'adi an yi ta ne musamman don shugaban da ake so. Wanda aka tsana, akwati ma ya isa ya kore shi. Mai farin jini shi ne hatsari, don shi jama'a ke miƙa wa linzami da hannunsu. A Amurka sau huɗu aka zaɓi Franklin Roosevelt, har ya mutu kan mulki a 1945; duk da haka a 1951 suka rubuta wa'adi biyu cikin kundinsu. Rinjayen yau ba ya da ikon ɗaure na gobe, balle ya ƙwace hakkin marasa rinjaye.

Na san abin da za a ce mini, ni ma na sha faɗa: mai yunwa ba ya cin tsarin mulki. Gaskiya ne, takarda ba ta zama hura. Amma a duba sakamakon. An ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince, ƴan adawa sun ƙaurace, CEDEAO ta dakatar da Nijar. Ƙarin shekara uku da aka ba shi bai kai ko'ina ba: ranar 18 ga watan Fabrairu na 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka ɗauke shi tsakiyar taron ministoci. Ranar nan da wace doka zai kare kansa? Wadda za ta tsaya masa shi ya yage ta. Matatar kuma da aka ce sai shi, an buɗe ta a 2011 ba ya nan, Kandaji ko ta haura shekara goma bayansa ba a gama ba.

Kundin 2010 da ya maido iyakar wa'adi an dakatar da shi tun juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023. Wata rana za a kawo mana sabo a ce mu jefa ƙuri'a. Ni dai wannan karo ba zan fara da tambayar wa ya kawo shi ba. Shafin kotu zan fara buɗewa, in ga wa ke naɗa alƙalai, wa kuma ke iya sallamar su.