Tsofaffin Makaɗan Landan da Dandalinmu na Gaya da Ajingi

Jama'a, a hutun da ya wuce, mu 'yan ƙasar Gaya da Ajingi da ke karatu a wannan jami'a mun taru a zauren wani dattijo a cikin garin Gaya domin mu yi wa wani ɗan'uwanmu barka da sauka. Shi wannan ɗan'uwa mutumin Ajingi ne, ya kuwa yi shekaru a Ingila yana karatun injiniya. Mun zaci zai cika mu da labarin sanyi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ga shi ya ɓuge da labarin wani taron kiɗa da ya halarta. Hirar da ta biyo baya ta tsaya mana a rai, har muka ga ya kamata mu kawo ta gaban 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Taron da ya halarta an yi shi ne ranar 25 ga Yuni 2022, a filin Hyde Park na birnin Landan, inda ƙungiyar nan ta Rolling Stones ta yi bikin cikarta shekara 60 da kafuwa. Su waɗannan mutane suna cikin jiga-jigan kiɗan da Turawa ke kira rok, kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna da amo mai ƙarfi. Sun fara wasa a shekarar 1962, kuma a ranar da ɗan'uwanmu ya gan su, jagoransu Mick Jagger da mai kaɗa jitarsu Keith Richards kowannensu yana da shekara 78 a duniya. Mai gangarsu, Charlie Watts, ya riga ya rasu tun 2021.

Ya ce mana kuɗin shiga ya kusa cinye masa kuɗin abincin mako biyu, kuma tun da hantsi ya kama layi. Mutum fiye da dubu 60 suka cika filin nan. Ya ce shi ba ƙarar jita ce ta girgiza shi ba, domin wannan ya saba ji a wayarsa. Abin da ya sa tsigar jikinsa ta tashi shi ne wani tsoho mai furfura da ke tsaye kusa da shi, riƙe da hannun jikarsa. Da aka ɗauko wata waƙa da ta girmi uban yarinyar, sai ya ga kaka da jika suna rera ta tare, babu mai tuntuɓe ko da a kalma ɗaya, tsohon kuwa yana share hawaye da bayan hannu. Ɗan'uwanmu ya ce a nan ne kunya ta kama shi, domin ya tuna shi bai taɓa tsayawa da kakansa a gaban wani makaɗi ba.

Da ya kai aya, dattijon da muke zaurensa ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ashe sai da ka ƙetare teku ka ga abin da muka bari a ƙofar gida." Ya ba mu labarin yadda a zamanin samartakarsa ya ji an ce Alhaji Mamman Shata zai yi wasa a wani biki a Kano, ya sayar da tiya biyar ta gyaɗa, ya hau keke har Wudil, ya bar keken a wurin wani aboki, ya shiga bayan babbar mota. Ya ce a wannan dare ya ga abin da faifai ba ya ɗauka. Shata yana tsaye cikin fili, masu kalangu na kewaye da shi, 'yan amshi na jiran bakinsa, idonsa kuwa na kan jama'a. Duk wanda ya shigo, ko ya yi wani motsi, yana iya tsintar kansa a cikin waƙa nan take. Muka ce, "Baba, ai muna da waƙoƙin nan duka a waya." Ya ce, "Kuna da inuwa dai, mutumin ya wuce."

To, a nan ra'ayinmu yake. Abin da mai son tsohon kiɗan rok yake biyan kuɗi ya nema a Landan, shi ne abin da iyayenmu suke samu a dandali bayan an kai amfanin gona gida: a tsaya kafaɗa da kafaɗa, babba da yaro, a ji kiɗa yana fitowa daga hannun mai rai. Turawa sun riƙe nasu, sun mai da shi abin alfahari da hanyar arziki. Mu kuwa, musamman mu 'yan boko, mun saki namu, muna jin kunyarsa, sa'an nan mu koma muna sha'awar na wasu.

Abin takaici ma shi ne, shi kansa kiɗan da muke sha'awar bai rasa jininmu ba. Rolling Stones sun ɗauko sunansu ne daga wata waƙa ta Muddy Waters, baƙar fata mutumin Misisipi a Amurka, ɗaya daga cikin manyan masu kiɗan buluz, wanda shi ne uban rok. Buluz kuwa jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙire shi. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafin da ya fitar a 1999, ya nuna cewa yawancin siffofin buluz suna komawa ne ga ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma, yankin da ƙasar Hausa take ciki. Banjo na Amurkawa ma asalinsa ƙwarya ce da fata da tsirkiya, ɗan'uwan gurmi da garaya da molo. Su Turawan sun san da haka. Ginger Baker, mai ganga na ƙungiyar Cream, ya zo Legas, ya kuma yi faifai da Fela a 1971, Paul McCartney kuma a Legas ya ɗauki faifansa na 1973. A zamaninmu ma ga Mdou Moctar, Ba'abzine daga Nijar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya kuma zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Kowa ya zo rafin nan ya ɗebi ruwa, masu rafin ne kaɗai ke kwana da ƙishirwa.

Kada a ce ba mu da gwanayen da za a kira na gargajiya masu daraja. Narambaɗa da Shata kowannensu ya bar Bakandamiyarsa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa a 2015. Ga Haruna Uji na Haɗeja, maƙwabcinmu ta gabas, da gurminsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, an rubuta tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah na 2006, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai littafi yana adana kalmomi, faifai yana adana murya, amma gwanintar hannu da iya sarrafa taron jama'a ba sa zama ko'ina sai a jikin mai rai, wanda ya koya a wurin mai rai.

A dubi kalangu kawai. Makaɗi yana rataye shi a hammata, yana matse tsirkiyoyinsa yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka daidai da karin harshen Hausa, har mai kunne ya ji sunansa ko takensa ba tare da an buɗe baki ba. Wannan ilmi ne na shekaru, kuma kowace sana'a da nata kiɗan: kalangu na mahauta, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na sarakuna, dundufa ta maƙera. Mu 'yan Gaya muna alfahari da cewa tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama har aka kafa Kano. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a cikinmu muka taɓa jin dundufa da kunnenmu? Mu nawa za mu gane ta in an ajiye ta a gabanmu?

Yau in an yi biki a Gaya ko Ajingi, galibi janareto ake tayarwa a jona waya da lasifika. Ba mu raina mawaƙan zamani ba, suna da basira, mu ma muna sauraronsu. Amma waƙar da aka haɗa da fiyano a situdiyo, ta fito yau kamar yadda ta fito jiya, ba ta ganin wanda ya shigo fili balle ta gaishe shi. Ɗan makaɗi kuwa da ya ga ba a kiran ubansa, sai ya jingine ganga ya kama acaɓa ko ya tafi ci-rani. Ba za mu ga laifinsa ba, domin ciki ba ya jiran al'ada.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce kiɗa lalata ne, addini bai yarda da shi ba. Mu ba malamai ba ne, mun kuma san malamai sun daɗe suna da saɓani a kan wannan mas'ala, kowa da hujjarsa. Wanda ya zaɓi ya ƙaurace, muna girmama shi. Amma wanda ya ƙi dandali don tsoron ɓarna, ya duba abin da ya maye gurbinsa. Dandali a gaban iyaye ake yinsa, kowa na ganin kowa. Waya kuwa a cikin ɗaki take, cikin dare, babu mai tsawatarwa. Mu ba mu ce a kwaso duk abin da ke filin Landan ba; shaye-shaye da tsiraici su riƙe abinsu. Girmama gwanayen gida da haɗa kaka da jika a wuri ɗaya muke so a ɗauko.

Na biyu za su ce makaɗanmu maroƙa ne, 'yan bambaɗanci, masu yabon mai kuɗi ko da azzalumi ne. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai mu tambaya, wa ya mai da su haka? Makaɗin Landan ba ya roƙon kowa, domin mutum dubu 60 sun biya shi tun daga bakin ƙofa, saboda haka bakinsa nasa ne. Namu kuwa mun bar shi da mutum ɗaya mai liƙi, dole ya bi ra'ayin aljihun da ke ciyar da shi. In talakawa suka haɗa taro da sisi suka biya shi ladan aikinsa, zai yi musu waƙar noma da zumunci da gargaɗi, irin waɗanda Ɗanmaraya ya shahara da su sa'ad da ya waƙe karen mota da sauran 'yan wahala.

Na uku za su ce ai manyan sun tafi, me ya rage? Gaskiya ne Shata ba zai dawo ba. Amma 'ya'yansa da na Ɗanƙwairo suna riƙe da gadon gidajensu, kuma a ƙauyukanmu, daga Kademi har Toranke, in aka bincika ba za a rasa tsoho mai gurmi ko gangar noma ba, wanda bai taɓa shiga rediyo ba, wanda kuma in ya faɗi yau ya tafi da abin da ke kansa. Bahaushe ya ce da rashin tayi akan bar arha.

Saboda haka muna kawo shawara uku. Ta farko, ƙungiyoyin ɗaliban Gaya da Ajingi su shirya taron kiɗan gargajiya sau ɗaya a shekara, da kaka, bana a wannan gari baɗi a wancan. A yi shi da rana tsakanin Azahar da Magariba, a tsaya a yi sallar La'asar, a keɓe wa mata da dattawa wurin zamansu, a nemi albarkar masarauta da ta malamai tun kafin a buga ganga. A sa kuɗin shiga kaɗan wanda manomi zai iya, a biya kowane makaɗi abin da aka yi jinga da shi. Ta biyu, kowane ɗalibi in ya je hutu ya zauna da tsohon makaɗin garinsu da tsofaffin da suka ga manyan mawaƙa ido da ido, ya ɗauki muryarsu da hotonsu da wayar nan da ke hannunsa, a tara a miƙa wa sashen Hausa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ta uku, 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, in ɗayanku zai yi aure ko suna, ya ware wani abu daga kuɗin lasifika ya kira mai kalangu. Albashin wata ɗaya ba zai rushe don wannan ba.

Kafin mu tashi daga zauren nan, ɗan'uwanmu na Ajingi ya ce, "Baba, in muka shirya za ka zo?" Dattijon ya ce, "In ina da rai, ni da jikokina ne a sahun gaba. Amma ku hanzarta, domin mu da muka ga abin nan ba mu da yawa yanzu." Ya ƙirga mana abokansa bakwai da suka shiga motar nan ta Wudil tare, ya ce saura su biyu.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.