Raddi Ga Mai Cewa Fushi Ne Ya Kai Mu Yaƙin Jamus

Wani malami, wanda ba na jayayya da iliminsa a fagen fiƙihu, ya yi da'awa a majalisarmu ta bakin tasha a nan Iddo, cewa wai mutanen Amurka sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne saboda fushin nutsar da jirgin Lusitaniya, mu kuma Hausawa haka muka bi Ingilishi da yardar ranmu, don ƙin zaluncin Jamus. Allah ya gafarta malam, wannan ƙiyasi bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Da farko, Lusitaniya ta nutse a watan Mayu na 1915, Amurka kuwa ba ta ɗaura ɗamarar yaƙi ba sai 6 ga Afrilu 1917, kuma duk wanda ya san fushi ya san ba ya kwana shekara biyu kafin ya tashi. Hasali ma, tun a watan Maris na 1915 Jamus suka nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya nufo gaɓar Afirka ta Yamma, wani Ba'amurke ya halaka a ciki, amma shugaban Amurka Wilsan ya haɗiye, har aka sake zaɓensa a 1916 bisa yabon da ake yi masa na hana su shiga ramukan Faransa. Ainihin gaskiya ita ce, a Fabrairu 1917 Jamus ta halatta wa jiragenta na ƙarƙashin teku su nutsar da kowane jirgi ba gargaɗi, sannan asirin wayar Zimmaman ya tonu, wadda a cikinta Jamus ta kwaɗaitar da Meziko da ƙasashen da Amurka ta ƙwace mata, ga kuma tarin bashin da attajiransu suka ba Ingila da Faransa, wanda mai bi ba ya son ganin mai ci ya faɗi.

Na biyu, kuma a nan ne ƙiyasin ya rushe ɗungum: su Amurkawa majalisarsu ta zauna ta yi muhawara, har mutum 50 na majalisar wakilai suka ce ba su yarda ba. Mu fa, wa ya shawarce mu? Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a Janairun 1914, kafin shekara ta ƙare 'ya'yanmu suna yaƙi da Jamus a bakin Garwa da dutsen Mora, sarakuna kuma suna ɗebo gudummawa daga baitulmali, alhali Sarkin Musulmi na Santambul yana ɗaya ɓangaren, abin da ya sa zukatan malamai da yawa suka rabu biyu.

Malam ya kafa hujja da waɗanda suka shiga soja da ƙafarsu. Akwai su, ban musa ba, domin albashi da kaki suna da daɗi ga wanda yunwar 1914 ta kora daga gona. To, 'yan alaron da aka yi wa ɗiban gwamna fa? Na san wani tsoho mai ɗaurin goro a Agege, wanda aka sauke a ƙarshen dogon nan namu, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, ya ɗauki akwatin harsashi har Mahiwa a 1917. Da na tambaye shi laifin da Jamus suka yi masa, sai ya kwance hula ya nuna mini sanƙon kansa inda gammo ya cinye gashi, ya ce shi dai dagaci ne ya kira sunansa ranar kasuwa.