SHARHI: Asusun Taimakon Masu Ciwon Dajin Mama

Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa mata fiye da 32,000 ne suka kamu da ciwon dajin mama a Nijeriya cikin wannan shekara, fiye da 16,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. A ƙasashen da suka ci gaba, tara daga cikin kowaɗanne mata goma da suka kamu suna nan da ransu bayan shekara biyar. Cutar kuwa ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da mace ta isa asibiti, da kuma ko tana da halin da za ta kai ƙarshen magani.

Batun halin kai wa ƙarshe shi ne wannan jarida take so jama'a su duba da idon basira. Kowa ya san mutanen ƙasar nan ba su da rowa in an ce wance tana kwance. Ranar da labari ya fito, dangi da maƙwabta sukan yi karo-karo, a yi shela a masallaci ko a coci, a tara abin da za a biya kuɗin tiyata. Amma fa tiyata somin taɓi ce. Bayanta akwai alluran kashe ƙwayoyin cutar, waɗanda akan yi sau shida ko takwas, mako uku-uku tsakani. Akwai gashi da na'ura, wanda yakan tilasta wa mace barin garinta ta tare kusa da babban asibiti na makonni, da kuɗin mota da na masauki da na abinci, nata da na mai jinyarta. Wasu kuma za su ci gaba da shan ƙwaya kullum har shekara biyar ko fiye. Kafin a kai allura ta uku gudummawa ta ƙare, an sayar da akuya da keken ɗinki, kunya ta hana a sake roƙo. Daga nan sai a koma wurin mai magani a gida, ba a sake ganinta a asibiti sai ƙari ya fashe.

Saboda haka ya kamata a canja tsarin taimakon. Abin da ake bukata shi ne asusu tsayayye a kowace unguwa, wanda ake zuba masa kuɗi kowane wata tun kafin kowa ya kwanta, kamar yadda mata suka daɗe suna yin adashi. A ba shi ma'aji da magatakarda, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, kuɗin kuma a biya shi kai tsaye ga asibiti a karɓo rasit. Hausawan Sabo a Ibadan da na Idi-Araba a Ikko suna zaune ne dab da manyan asibitocin koyarwa guda biyu. Ɗaki ɗaya da Sarkin Hausawa da 'yan kasuwa za su keɓe wa baƙin marasa lafiya zai ɗauke nauyi mai yawa. Rassan jam'iyya da ɓangarensu na mata, waɗanda suka san kowane gida a mazaɓa in lokacin zaɓe ya zo, ba su da hujjar cewa ba su san gidan da ake jinya ba.

Lalle ne kuma a sa waɗanda suka warke a gaban wannan aiki. A 1997 Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu, bayan an yi mata magani a Ibadan, ta kafa ƙungiyar BRECAN, ta fito fili ta faɗi abin da ya same ta a zamanin da ake ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya. Macen da ta ji ƙullutu a mamanta tana tsoron wuƙar likita ba za ta saurari jawabin rediyo kamar yadda za ta saurari 'yar'uwarta wadda aka yi wa aikin, ga ta nan tana sana'arta ba. Su ma waɗanda suka warken suna da nasu haƙƙi a kan asusun. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2010, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan auren da aka cire wa mama sun rabu da mazajensu cikin shekara uku. Wannan abin kunya ne ga mazan da suka aikata, kuma ya kamata malamai su faɗa a kan mumbari. Wadda aka saka bayan jinya tana bukatar jari da kuɗin komawa ganin likita.

Duk wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta cika wannan alkawari ba. A 2021 ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji a asibitoci shida, ciki har da na Zariya da Gombe da Ibadan, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Wajibi ne wakilan jama'a a Majalisar Tarayya su nemi Ma'aikatar Lafiya ta bayyana nawa aka saki daga wannan asusu kowace shekara, mata nawa suka amfana, da kuma nawa ne daga cikinsu suka kammala maganinsu.