Digirin Shekara 4 Da Ke Cin Shekara 6

Sanin kowa ne cewa ranar da yaro ya sami gurbi a jami'a, iyaye kan zauna su yi lissafi: shekara 4 in zai karanta fannin koyarwa ko tattalin arziki, shekara 5 in injiniya ne ko shari'a, shekara 6 in likita ne. A kan wannan lissafi uba ke sayar da hatsi, uwa ta shiga adashi, a ce wa ƙanne su dakata har yayansu ya gama. Abin baƙin ciki shi ne, a jami'o'in gwamnati na Nijeriya ba safai lissafin yake fita daidai ba.

Babban dalili shi ne yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU. A 2013 an rufe ajujuwa daga Yuli zuwa Disamba. A 2020 an yi wata 9, ga kuma annobar korona. A 2022 an sake yin wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ke nan yaron da ya shiga jami'a a 2019 ya yi zaman gida na wata 17 ba da laifinsa ba. Tushen rigimar kuwa shi ne yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da malaman a 2009, a kan albashi da alawus da gyaran ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, wadda malaman suka yi ta kukan ba a cika ba.

'Yan'uwa, wannan jinkiri ba kyauta yake zuwa ba. Mai gidan haya ba ya yajin aiki, kuɗin ɗakin ɗalibi yana tafiya ko ana karatu ko ba a yi. Dokar yi wa ƙasa hidima ta ce wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba za a tura shi hidimar ba, sai dai a ba shi takardar ɗauke masa ita. Wuraren aiki da dama kuma sukan sa iyakar shekaru a tallar neman ma'aikata. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan ƙauye da ya shiga firamare a makare, ya kuma rubuta jarrabawar JAMB sau biyu ko uku kafin ya dace. Ɗan mai hali yana jami'ar kuɗi, inda ba a yajin, sai ya fita a kan kari. 'Yan mata kuwa, sau da yawa dogon zaman gida ke jawo a matsa musu da maganar aure, karatun ya tsaya ke nan.

Ba mu ce duk laifin na gwamnati da malamai ne ba. Akwai ɗaliban da wasa ke sa su faɗi darasi su maimaita shekara. Amma kafin uba ya zargi ɗansa da lalaci, ya kamata ya nemi ganin takardar sakamakonsa, ya kuma ƙirga watannin da makarantar ta yi a rufe.

Bisa ga haka muna kira ga gwamnati da ta tuna cewa alkawari kaya ne, kada ta sa hannu a kan abin da ba ta shirya cikawa ba. Malamai kuma, ko da kukansu gaskiya ne, su tuna cewa albashin da aka riƙe ana iya biyansa daga baya, amma shekarar yaro ba ta dawowa. Iyaye su yi tanadin shekara 6 ko da an ce musu 4, in kuma makaranta ta rufe, kada a bar yaro yana zaman kashe wando: a kai shi wurin tela ko kafinta ko mai gyaran waya, ko a tafi da shi gona. Ku kuma 'ya'yanmu, kada ku fid da rai. Jinkiri ba ya hana isa, muddin ba a sauka daga hanya ba.