Kaftu Daban, Huɗa Daban



Kwanakin baya aka kawo wa dattijon da nake yi wa rubutu wata ƙara, kuma da aka bi diddigi laifin nawa ne. Wani bawan Allah ya karɓi aron fili a bakin Nilu, arewa da Karari, ya yi jinga da wani saurayi a kan ya yi masa kaftu da huɗa. Ni na rubuta takardar da Larabci, na sa kalma ɗaya, hirasa. Yaron ya kawo tarakta, aka ja diski sau ɗaya, aka tafi. Mai gona ya zo ya tarar da fili shimfiɗe, babu kunya ko ɗaya da zai bi da ruwa. Yaro ya rantse ya cika alkawari, mai gona ya rantse an cuce shi, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Manomin Hausa bai taɓa ɗaukar gyaran ƙasa aiki guda ba. Sassabe shi ne sare itace da ƙaya a sabon fili. Sharar gona ta rani ce, a tattara kara a yi toyi. Kaftu shi ne a sari ƙasa da zurfi a juye ta. Idan ta tashi hoge-hoge sai a farfasa a baje, kuma wannan ne aikin da 'yan uwanmu na Kano suke kira haro tun da tarakta ta zo. Huɗa kuwa tayar da kunya ce da garma, a bar kwari a tsakani. Kalmar noma ma fuska biyu gare ta: sana'ar duka, da kuma cire ciyawa bayan shuka ta tsiro, na fari firi, na biyu maimai. Wanda ya san waɗannan sunaye ya san abin da ke gaba da abin da ke baya, ya kuma san abin da zai biya kuɗinsa.

Ba ina cewa a watsar da Larabcin gona ba ne. Mutanenmu da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da mahajjatan da hanya ta tsayar, sun bar jigawa mai taushi suka tarar da baƙar laka mai tsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, da guminsu suka koyi hawasha da turiya da sarab da abu ishirin. Kalmomin nan sun zama namu, babu mai ƙwace su. Salluka ma, sandar shukar nan ta masu noman bakin kogi, ba sungumi ba ce, dole a kira ta da sunanta. A Gadarif diski ɗaya ke farfasa ƙasa yana zuba iri, to yaron da ya tashi yana ganin haka, ina zai san ayyuka biyu ne?

Abin da nake ƙi shi ne kalma ɗaya ta haɗiye biyar. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa da suka manta da fartanya sun koma neman abinci a ƙasa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba shi da kuɗin tarakta sau biyu.

Dattijo ya raba kuɗin huɗar gida uku, ya ɗora mini kashi ɗaya, ban yi musu ba. Yanzu duk takardar jinga da ta biyo ta hannuna, ina rubuta kowane aiki da sunansa na Hausa cikin ajami kusa da Larabcin, in karanta wa ɓangarorin biyu kafin su sa hannu.