Waiwaye: Gawo da Raƙumin Dawa a Dallol Boso

Hanyar da ta taso daga Filinge zuwa Balleyara tana bin wani kwari mai faɗi, wato Dallol Boso. Tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, sai dai ruwansa bai yi nisa ba, mai haƙa rijiya ba ya shan wahala kafin ya tarar da shi. Da damina tafkuna su cika, da rani makiyaya su gangaro. Nan mutanen Kurfai da na Tondikandiya suke samun kabar saƙa tabarma, da ƴaƴan gawo na kiwo, da lambun rani.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Da ciyawa ta ƙare, sai aka hau gawo da gatari ana sassaro wa bisashe ganye, motocin itace kuma suna jigila zuwa Yamai. Shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan Tondikandiya, ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani. Dankalin turawan Bonkuku da ake ji da shi a kasuwannin Yamai yau, albarkar ruwan wannan kwari ne.

Raƙumin dawa kuwa saura ƙiris ya ƙare. Dabbar da a da take yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, a 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, duk a kewayen garin Kure da wannan dallol. Da damina suna kiwo kan tudu, da rani su sauko cin ganyen gawo, su kuma taɓa waken manomi da mangwaronsa. Dokar hana farauta kaɗai ba za ta sa mai gona ya haƙura da wannan ɓarna ba. Abin da ya sanyaya zuciya shi ne rijiyoyi, da ƙananan rance ga mata, da aikin rakiyar baƙi da matasan ƙauyuka suka samu. A 2004 aka sa Dallol Boso cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Raƙuman suka hayayyafa har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maradi.

Sai ga harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin rakiya ya tsaya.

Darasin a fili yake. Kiyaye daji da ya dogara kan aljihun baƙo, ranar da baƙo ya daina zuwa sai ya girgiza. Gawo kuwa shi da kansa yake biyan mai gona: ya zubar da ganye da damina don kada ya shaƙe gero, ya ba ƙasa taki, ya ciyar da awaki da rani. Manoman Maradi sun gane haka, suka riƙi sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona suna yi masa aski maimakon tumɓuke shi.

Don haka, ɗan'uwa manomi, in ka fita sharar gona bana ka tarar da ɗan gawo ya tsiro, ka zagaye shi da ƙaya, ka bar shi ya girma.