Ɗakin Hajiya ma gidan jinya ne

Ba a rasa mai taɓe baki a majalisa duk ranar da aka kawo zancen gidajen ajiye tsofaffi na Ingila da Amurka. Mu dai, in ji mu, ba ma kai iyayenmu inda bare zai riƙa juya su; uwa a ɗakinta take tsufa, gaban 'ya'ya da jikoki. Haka ne, kuma ina cikin masu alfahari da hakan. Sai dai akwai wata ƙwayar cuta da ta daɗe tana addabar waɗancan gidaje, ita kuwa ba ruwanta da abin da aka rubuta a allon ƙofa. Tsoho mai miki take nema, da hannuwa barkatai masu taɓa shi, da maganin da ake sha rabi a ajiye rabi. Wanne ne babu a unguwanninmu na Nima, ko Maamobi, ko Tudu?

Likitoci na kiranta MRSA. Asalinta ƙwayar nan ce mai kawo maruru, wadda kusan mutum ɗaya cikin uku ke yawo da ita a hanci ko a fata bai sani ba. Da ta gagari fenisilin, aka fito mata da metisilin a 1959. Zuwa 1961 an gano a Ingila cewa shi ma ta fara fin ƙarfinsa. Wadda ta kai wannan matsayi ba ta jin fuluklos ɗin da ake ba mu na maruru, balle amoksisilin. In a fata ta tsaya, da sauƙi. In ta shiga jini ko ƙashi ko huhu, to sai gadon asibiti, sai magani irin su bankomaisin da ake ɗurawa ta jijiya, mai tsada, wanda dole a riƙa duba ƙoda muddin ana ba da shi. Ƙodar ɗan shekara tamanin kuwa ta riga ta gaji.

Wanda ke ganin cutar Turawa ce ya tuna watan Janairun 2012, lokacin da asibitin Korle Bu na nan Gana ya rufe sashen gaggawa na yara saboda ɓullar wannan ƙwaya. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27, fiye da 100,000 daga ciki aikin MRSA ne. Yankin da abin ya fi yi wa ɓarna, in an gwada da yawan jama'a, shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Yanzu a leƙa ɗakin wata Hajiya a unguwarmu. Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon sukari, an sallamo ta da robar fitsari. Kwanciya ta yi yawa, miki ya buɗe a ƙugu, wani a diddige. Surukarta ce ke wanke ta da asuba kafin ta wuce kasuwa, da tsumma guda, da ruwan da aka sayo a galan ɗin Kufuor, wanda ake tattalinsa don shi ne na girki da alwala. Da rana jika ce ke canza zanen gado, ta shanya tawul a igiyar tsakar gida inda na maƙwabta yake, ta koma ta ɗauki jaririn yayarta da ba a daɗe da yanke wa cibiya ba. Bayan Juma'a 'yan dubiya su cika ɗakin, kowa da musabaha, "Sannu Hajiya, Allah ya sa kaffara ne." Ƙwayar tana iya kwanaki, har makonni, a jikin tawul da zanen gado. Duk abin da ke yaɗa ta a gidan tsofaffi na Landan yana nan, sai dai babu nas, babu safar hannu.

Sai kuma mu ƙara da namu. Miki ya fara wari, a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya na sidi kaɗan, a ɓare, a barbaɗa garin a kai, a ɗaure. Ko a sayo na kwana biyu, da zazzaɓi ya sauka a ce Alhamdu lillahi, sauran a jefa cikin kwanon samira don gaba. Doka ta ce irin wannan magani sai da takardar likita, amma daga kasuwar Okaishie har lungunanmu, da masu yawo da shi a tire da cikin motar haya, kowa ya san yadda ake yi. Maganin da bai isa ba, raunanan ƙwayoyi yake kashewa, ya share wa masu taurin kai fili.

Ban ga laifin surukar ba. Wa ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata? A 2018 gwamnatin Gana ta ƙaddamar da manufa da tsarin yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta, abin a yaba. Amma ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum miliyan 2 ne suka kai shekara 60 a ƙasar nan, kuma in ciwo ya kwantar da su, yawanci mace ce a gida ke jinyarsu. Tsarin da bai iso hannun wannan mace ba, a ofis ya tsaya. A ganina bai kamata asibiti ya sallami tsohon da ba ya iya tashi ba sai an koya wa mai jinyarsa juya shi kowane awa biyu, da rufe miki, da wanke hannu da sabulu kafin taɓawa da bayanta. Makarantun matan aure na unguwanninmu, inda ake koyar da wankan gawa dalla-dalla, me zai hana su gayyato nas ta koyar da wankan mai rai?

Ba cewa nake a ƙaurace wa Hajiya ba, don na san mutanenmu: yanzu sai a ware mata kwano a daina shiga ɗakin, kaɗaici ya riga cutar. A shiga, a gaishe ta, a yi hira. A dai ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ta samu tawul nata ita kaɗai. In miki ya yi ja, ya kumbura, yana mugunya, ko ta fara zazzaɓi da sambatu, a kai ta asibitin Maamobi ko wanda ya fi kusa, a tafi da ragowar duk maganin da aka ba ta a gida, a kuma roƙi likita ya ɗebi mugunyar a gwada. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, shi ne zai faɗi maganin da ƙwayar ke ji.